Rawar Kinuyo a Rumbun Tuffa

A ƙauyukan da ke gindin dutsen Iwaki, wanda bai san Kinuyo Ebina da suna ba ya san ta da tsayi. Tun tana 'yar firamare ta kere malaminsu. Kafin ta gama sakandare ta kere mahaifinta, ta kere ƙofar gidansu, sai ta sunkuya take shiga. Ga faɗin kafaɗa, ga hannuwa kamar na mai faskare. Yara suka laƙaba mata Falwaya, sunan kuwa ya zauna daram, har manya suka ɗauka.

Mahaifiyarta ta yi iya yinta. Duk lokacin da za su fita unguwa sai ta ja ta gefe ta ce, "Kinu, ɗan rage tsawon nan mana. Haɗe kafaɗunki. Mace ba ta cika hanya haka." Kinuyo yarinya ce mai jin magana, sai ta rage. Ta koyi tafiya da gwiwa a ɗan lanƙwashe, kai a duƙe, hannuwa a harɗe a gaba kamar wadda ta yi laifi. A hoton aji kullum tana layin baya, a karkace. Ranar aurenta ma zaunar da ita mai hoto ya yi, ango ya tsaya, don Yoshinobu iyakarsa kafaɗarta.

Mutumin kirki ne Yoshinobu, ga barkwanci. Yakan ce shi dai ya yi dabara, ya auri mata ya huta da sayen tsani. Tare suka yi ta noman tuffa fiye da shekara talatin, suka haifi ɗa guda, Masaki. Wata kaka ana tsakiyar girbi zuciyarsa ta tsaya, ya sulale a gindin bishiya, kwando na hannunsa. Kinuyo ce ta ɗauko shi cak daga cikin gona har bakin titi, inda motar asibiti za ta iya zuwa. Kafin motar ta iso rai ya yi halinsa.

Da Masaki da matarsa suka karɓi gonar, sai zaman gida ya ishe ta. Ƙawarta Teruko, wadda suka yi aji ɗaya, ita ta samo mata aiki. Teruko nas ce, 'yar firit, bakinta kamar reza, tana aiki da masu bin gida-gida suna yi wa tsofaffin da suka kwanta wanka. Su uku ne a mota: direba mai kula da tukunyar ruwan zafi, da Teruko mai awon jini da duba gyambo, sai wadda za ta ɗaga tsohon, aikin Kinuyo ke nan. A tsakiyar ɗakin mai jinya ake harhaɗa bahon wanka, a jawo ruwa da tiyo daga mota. Nan ne Kinuyo ta fara ganin ana murna da girmanta. Tsoho zai ga ta duƙo ta shigo, sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Yauwa, babbar ce ta zo. Yau ba zan faɗi ba."

Tana da shekara sittin da biyu aka ƙara musu gidan Mikami. Tsohuwar gidan ta haura casa'in, ta zama kamar busasshen kara. 'Yarta Sawako ce ta baro Tokyo ta dawo jinyarta, kuma tun kafin su je Teruko ta kwaso labarinta kaf.

"Mai rawa ce," in ji ta a mota, tana gatsar curin shinkafa. "Amma ba irin tamu ta bikin bazara ba. An ce shafe jikinta take yi da fari kamar gawa, rabi tsirara, ta yi ta birgima a ƙasa. Har Turai ana layi a kalle ta. Ni ma fa ina birgima in bayana ya riƙe, ba wanda ya taɓa tafa mini."

"Ke Teru, bakin nan naki," in ji Kinuyo.

Da suka je sai suka tarar da 'yar siririyar mata mai furfura, ta rage gashin kamar na namiji, tana ɗan ɗingishi. Ba ta da yawan magana. Ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo shayi, ta koma gefe. Teruko har haushi ta ji, don ba ta samu abin ƙarawa a labarinta ba.

Ana cikin hunturu, ranar da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, famfon waje ya daskare. Suka nemi Sawako su tambaye ta inda za su jona tiyo, ba ta cikin gida. Teruko ta ce, "Kinu, ke ce mai dogayen ƙafafu, leƙa bayan gida." Sawun ƙafa ya kai Kinuyo tsohon rumbun tuffa na gidan, wanda aka daina amfani da shi tun rasuwar maigidan. Ƙofar a ɗan buɗe take. Ta sa ido.

Da farko ba ta ga kowa ba, sai tulin tsumma a tsakiyar siminti, inda hasken wata taga ta sama ya sauka. Sai tsumman ya yi numfashi. Sawako ce, daga ita sai farar shimi, ba takalmi, a cikin sanyin da ke fasa kwalba. Ba kiɗa, ba waƙa. Ƙashin kafaɗarta ɗaya ya motsa shi kaɗai, kamar wata halitta ce a ƙarƙashin fata take neman hanyar fita. Sai ɗayan. Sai ƙashin baya ya fara tashi gaɓa-gaɓa, a hankali ƙwarai, har mutum ba zai ce ga lokacin da ya motsa ba, sai dai ya ga ya sauya wuri. Yatsun hannunta na kaɗawa kamar ciyawa a bakin rafi. Da ta ɗago fuska, Kinuyo ta dafe ƙyauren. Fuskar jariri ce da bai san komai ba tukuna. Kafin ta ƙifta ido ta zama ta budurwa mai jiran wani a tasha, sannan ta zama fuskar tsohuwar nan da ke kwance a ɗaki, sak, har da yadda leɓenta na ƙasa ke saki. Duk a jiki ɗaya, kuma ƙafafun ba su bar inda suke ba.

Kinuyo ta san jikin mutum. Ta wanke da yawa, ta san inda fata ke tattarewa, inda ƙashi ke tsini, inda datti ke ɓuya. Amma a saninta jiki abu ne da ake wankewa, a ciyar, a rufe. Ba ta taɓa sanin yana da abin faɗa ba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ji kamar ta shigo wurin ibada ba ta cire takalmi ba. Ta manta famfo, ta manta tiyo, sai da muryar Teruko ta keto daga cikin gida: "Kinu! Rijiya kike haƙawa?"

Ba ta faɗa wa kowa abin da ta gani ba. Ta dai kama kanta rannan tana wanke kwanuka tana ƙoƙarin motsa kafaɗa ɗaya ita kaɗai, ta waiga da sauri ko surukarta ta gani. Kuma daga ranar ta lura cewa ita ma ana kallonta. Duk lokacin wanka Sawako takan durƙusa a kusurwar ɗaki, idonta na kan hannuwan Kinuyo: yadda take zura ɗaya ƙarƙashin wuya, ɗaya ƙarƙashin gwiwa, ta dakata sai tsohuwar ta sauke numfashi, sannan ta ɗaga. Tsohuwar da ke ƙanƙame mayafi in wani ya taɓa ta, a hannun Kinuyo sai ta saki jiki, wani lokaci har ta yi gyangyaɗi a cikin ruwan.

Tsohuwar ta rasu lokacin da tuffa ke fure. Bayan an share makoki, sai ga Sawako a ƙofar gidan Kinuyo da kwalin alewar wake. Suka durƙusa suka gaisa, aka yi zancen fure da ƙudan zuma da sanyin bana. Can Sawako ta ajiye kofinta.

"Kinuyo, roƙo na zo yi. Ƙugun nan nawa ya kusa tashi aiki. Likita na so ya yanke ƙashin ya sa ƙarfe. Na yarda, amma ina so in yi rawa ɗaya tukuna da wannan jikin, yadda yake, kafin a taɓa shi. Matsalar ita ce ba zan iya tsayuwa tun daga farko har ƙarshe ba. Ina neman wadda za ta ɗauke ni."

Kinuyo ta yi dariya ta rufe baki. "Malama, ai samari majiya ƙarfi sun cika Tokyo."

"Sun cika. Tun ina budurwa suke ɗaga ni sama kamar kofin da suka ci a gasa. Na gode musu. Ni so nake a ɗauke ni yadda kika riƙa ɗaukar Inna."

"Ni fa ban iya rawa ba. Ko a bikin bazara jakunkunan mutane nake riƙewa."

"Kin iya tsayuwa dai. Ranar nan a bakin rumbu kin daɗe ba ki motsa ba."

Kunya ta kama Kinuyo har kunnuwanta suka yi zafi. "Ashe kin gan ni?"

"Ai kin tare mini rabin hasken ƙofa," in ji Sawako, ta yi murmushin da Kinuyo ba ta taɓa gani a fuskarta ba.

Kinuyo ta ce za ta yi shawara. Da ta kawo maganar a wurin cin abinci, Masaki ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. "Inna, kin san irin rawar matar nan kuwa? Na duba a waya. Da shimi fa suke yi. Za ki tsaya gaban 'yan ƙungiyar manoma da shimi? A garin nan fa zan ci gaba da zama." Matarsa ta sunkuyar da kai tana zuba miya. Kinuyo ta ce, "To," kamar yadda ta saba cewa.

Teruko kuwa dariya ta yi har ta sarƙe. "Shimi? Ke? Sai dai a haɗa labule biyu a ɗinka miki." Da ta gama tari ta dubi ƙawarta da kyau. "Amma kin san me? Tun da kika fara ba ni labarin nan ba ki taɓa abincinki ba. Kina so."

"Me mutane za su ce?"

"Abin da suke cewa tun muna aji ɗaya. Sun ƙaro wani sabo ne? Je ki. Wannan karon ni zan riƙe miki jaka."

Haka ta fara zuwa rumbun duk ranar da ba ta da aiki. Ta zaci za a koya mata taku, a ce ɗaga nan, ajiye nan. Ina! Sawako ta ce ta tashi daga wannan bango ta je wancan, amma a hankali, kamar akwai kwano cike da ruwa a cikin ƙirjinta kuma ba a so ya zube. Wata rana ta ce, "Yau ƙashinki na toka ne, iska kaɗan za ta watsa shi." Kinuyo ta fara takawa ke nan dariya ta ƙwace mata. Sawako ta jira ta gama, ta ce, "To, tokar ta yi dariya. Ci gaba."

Sannu a hankali dariyar ta ƙare. Ta fara jin sanyin siminti a kowane yatsa daban, ta gane hannunta na dama ya fi na hagu nauyi. Ɗaukar kuwa ba ta ba ta wahala ba. Sawako ba ta fi akwatin tuffa biyu nauyi ba, sai dai ba ta zama wuri ɗaya: takan malalo daga kafaɗa zuwa baya, ta naɗe a ƙugu kamar yaɗo a jikin bishiya, ta rataye kai ƙasa. Kinuyo ta koyi jin inda za ta nufa tun kafin ta nufa.

Abu ɗaya ne ya gagara.

"Miƙe," in ji Sawako.

"Ai a miƙe nake, Malama."

Sawako ta ɗora tafin hannu a tsakiyar bayanta. Kinuyo ta yi ƙoƙari, sai wani zafi ya soke ta daga wuya har ƙugu, kuma ba ta san dalili ba ta ji hawaye na zubo mata. Sawako ta janye hannunta. "Bar shi. Ba a rana ɗaya aka lanƙwasa shi ba. Haka ma yana da kyau, da shi za mu yi."

Ranar da aka kawo shimin, Kinuyo ta shiga bayan akwatuna ta sa, ta ƙi fitowa. Hannuwa a waje, baya a waje. Ga damatsan da suka saki, ga shuɗɗan jijiyoyi a ƙwauri, ga wuyan da rana ta ƙona ya bambanta da sauran jiki, ga tumbin da haihuwa ta bari.

"Malama, wannan ba jikin nunawa ba ne."

"Nawa fa?" Sawako ta zagayo ta tsaya a gabanta, ƙasusuwan ƙirji a waje, gwiwoyi duk kanta, ƙugu ɗaya ya fi ɗaya tudu. "Da ina yarinya, kyau masu kallo suke zuwa nema a jikina, ni kuma in yi ta fama in nuna musu wani abu dabam. Yanzu ba mai zuwa neman wannan, sai na samu sarari. Fito mana, sanyi nake ji."

Ta fito.

An sa ranar rawar bayan girbi, a cikin rumbun, da rana tsaka, don Sawako ta ce hasken tagar nan ya ishe ta. Aka jera akwatunan tuffa a matsayin kujeru. Baƙi sun zo daga Tokyo cikin baƙaƙen kaya, suna magana ƙasa-ƙasa. Mutanen ƙauye kuwa sun zo kwansu da kwarkwatarsu, yawancinsu don su samu abin hirar da zai kai su ƙarshen hunturu. Masaki bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo karɓar saƙo.

A bayan labule Teruko ce ta shafe ta da farar hoda tun daga goshi har yatsun ƙafa. "Na shafa wa mutane magani iri-iri," in ji ta, "amma yau na zama mai fentin bene."

Kinuyo ta fito ɗauke da Sawako. Aka fara ƙus-ƙus. Tsoho Kasai, wanda kunnensa ya yi nauyi har bai san ƙarfin muryarsa ba, ya ce, "Kai! An yi wa Falwaya fenti!" Dariya ta ɓarke. Kinuyo ta ji ta har cikin ƙashi, amma ba ta tsaya ba, ta ci gaba da takawa a hankali yadda aka koya mata. Sawako ta buɗe ido, ta fara malalowa daga hannunta zuwa kafaɗa. Kafin su kai tsakiyar haske dariyar ta mutu, ba a jin komai sai kukan akwati in wani ya gyara zama.

An shirya cewa a tsakiyar rawar Kinuyo za ta sauke ta, ta koma jikin bango ta durƙusa ta juya baya, Sawako ta yi nata ita kaɗai. Ta sauke ta. Ƙafar Sawako ta hagu ta taɓa ƙasa, ta dama ta bi, sai Kinuyo ta ji wani abu ya goce a ƙarƙashin tafin hannunta, kamar reshe ya tsage a cikin ɓawonsa. Nan take gumi ya jiƙe jikin Sawako. Ba ta yi ƙara ba. Kinuyo ta tallafe ta kafin ta kai ƙasa, masu kallo suka ɗauka duk cikin rawar ne.

"Malama, mu tsaya," ta raɗa mata. "Bari in kira Teru."

"Kwantar da ni nan cikin haske," in ji Sawako ta tsakanin haƙora. "Kada ki je bango. Tsaya a wurina."

"Me zan yi?"

"Ban sani ba."

Ta kwantar da ita, ta zare hannuwanta, ta ɗago. Sai ga idanu. Duk mutanen da ta yi rayuwarta tana rage tsawo a gabansu ga su jere a kan akwatuna, ita kuma daga ita sai shimi da hoda, ba abin da aka koya mata na wannan wurin. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta dubi hannuwanta. Suna nan a buɗe a gabanta yadda ta zare su, kamar har yanzu akwai mutum a kansu. Ta ji nauyin yana nan: na Sawako, da na tsohuwar Mikami, da na duk waɗanda ta taɓa ɗauka ba sutura suka yarda da ita, yawancinsu yanzu ba sa duniya. Rawa ba ta zo mata a rai ba. Ta dai ga bai kamata ta yar da su ba, sai ta fara sauke hannuwan a hankali, a hankali, yadda ake sa mai jinya cikin ruwa.

Da hannuwan suka sauka, sai bayanta ya fara tashi. Ba ita ta sa shi ba. Daga ƙugu ya faro, gaɓa bayan gaɓa, da zafi kamar ana zare ƙusa daga tsohon katako, har na layin gaba suna jin ƙas-ƙas. Gwiwoyi suka miƙe. Kafaɗu suka buɗe. Wuya ya ɗago. Ta ci gaba da tashi har ta wuce inda kowa ya san iyakarta, kanta ya shiga cikin hasken tagar, hoda na tashi daga gashinta kamar hayaƙi. Daga can sama ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: mutanen garinsu ƙanana, da furfura da sanƙo, abin tausayi, duk sun ɗaga fuska kamar yara. Tsoro ya fita daga ranta.

A ƙasa kuwa Sawako ba ta daina ba. Jikinta a kwance, hannu ɗaya ne ke rawa, yana hawa sama yana bin tsawon Kinuyo, yatsun na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta fashe da kuka ta toshe baki da hankici. Tsoho Kasai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Ba wanda zai iya cewa ga tsawon lokacin da suka ɗauka haka. Da hannun Sawako ya faɗi, Kinuyo ta duƙa ta ɗauke ta, ta bi ta tsakiyar mutane suna janye ƙafafu, ta fita ta babbar ƙofa. Sai da suka kusa motar Masaki sannan tafi ya ɓarke a bayansu kamar ruwan sama a kan kwano.

Masaki ne ya buɗe musu ƙofar motar. Ya cire rigar sanyinsa zai yafa mata, sai ya ga dole sai ya yi ɗage. Ya tsaya yana kallonta, rigar a hannu. "Inna," ya ce, "ashe haka kike?" Sannan ya shiga ya tuƙa su asibiti.

A hanya Sawako na kwance a cinyarta, Teruko na riƙe da ƙafar tana faɗa. "Wace irin mata ce ƙashinta zai karye ta ce a ci gaba? Ku biyun nan in mun je sai an duba muku kai tukuna."

Sawako ta yi dariya, zafi ya katse ta. Ta dubi Kinuyo. "Kin ga abin da kika yi?"

"Ban gani ba, Malama. Ina ciki."

"Ni na gani, daga ƙasa. Duk rumbun nan ni na samu wurin kallo mafi kyau."

Aka yi wa Sawako tiyata, aka sa ƙarfen. Ba ta koma Tokyo ba. Ta fara da keken guragu, ta koma sanda, har yanzu da sandar take. Baƙin nan masu baƙaƙen kaya suka dage sai da Kinuyo ta je Tokyo sau ɗaya, ta tsaya a wani babban dandali mai fitilu. An tafa mata sosai, amma ta dawo ta ce abin bai zo ba. Bayan nata ma ya koma ya ɗan duƙa, ko da yake ba kamar da ba. Ba ta damu ba. In aka tambaye ta me ya faru ranar, takan ce ita ma baƙuwa ce a wurin. Ta ci gaba da aikin wanka har sai da gwiwoyinta suka ce ta huta.

Abin da ba wanda ya zata shi ne matan da suka fara leƙowa rumbun. Matar Masaki ce ta fara zuwa da sunan kawo abinci, ta zauna. Sai mai shagon awara, sai tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya da aka cire wa nono ɗaya, sai wasu. Mazansu kan ce matan sun tafi wajen tafiyar kunkuru. Sawako takan zauna a kan akwati da sandarta, ta ce musu yau su hazo ne, ko kuwa tsohon gida ne da ake kwashe wa kaya.

Teruko ta fi kowa daɗewa tana turjiya. Takan zo da abin awon jini, wai kada wata ta faɗi a ce ba nas a wurin, ta zauna tana tsokanar kowa. Shekarar da mijinta ya rasu ta ɗauke ƙafa, bakinta ya mutu. Sai wata rana da bazara ta shigo hannu rabbana, ta cire takalmi da safa, ta je ta tsaya jikin bango. Sawako ta ɗaga sanda, sauran matan suka ja gefe.

Kinuyo ta san Teruko tun suna cin abincin rana a benci ɗaya. A saninta mace ce da ba ta iya tafiya sai da sauri, ba ta iya shiru sai tana barci. Yanzu ga ta tana ratsa simintin kamar mai tafiya cikin ruwa har wuya, 'yan ƙafafunta masu karkatattun yatsu na laluben ƙasa, bakinta a ɗan buɗe, hannunta na dama a ware daga jiki, daidai inda wani zai riƙe. Kinuyo ta zuba mata ido. Ba ta taɓa lura ƙawarta na da irin wannan wuyan ba, siriri, jijiya ɗaya na bugawa a gefensa. Ba ta san lokacin da ta zame ta durƙusa ba, ta haɗa hannuwa a cinya, tana kallo.

Da Teruko ta kai ɗaya bangon sai ta dafa shi, ta daɗe tana haki. Sannan ta juyo, fuska a jiƙe, ta harare su duka.

"To me kuke kallo? Ba mai ba ni shayi?"

Kinuyo ta tashi ta ɗora buta.